Ƙyandar Biri Ba Ƙyanda Ba Ce

A shekarar 2017 wata cuta mai fesar da ƙuraje ta sake ɓulla a jihar Bayelsa, bayan kusan shekara arba'in ba a ji ɗuriyarta a Najeriya ba. Kafin mako ya zagayo ɗakunan labarai na Hausa sun raɗa mata suna ƙyandar biri. Sunan ya zauna daram, ya shiga bakin jami'an lafiya, ya hau takardun wayar da kai. Aibinsa guda ne: cutar ba ta haɗa dangi da ƙyanda ba, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Ƙwayar da ke haddasa ta 'yar'uwar ƙwayar agana ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawar da ita daga doron ƙasa a 1980. Dattijon da aka yi wa lambar agana a damtse tun yana yaro yana da wata kariya daga sabuwar cutar. Allurar ƙyanda kuwa ba ta tsinana komai a kanta. Saboda haka uwar da ta kai ɗanta asibiti aka yi masa riga-kafin ƙyanda, ta kuma ji a rediyo cewa wata irin ƙyanda ce ke yawo, tana da hujjar ta kwanta da minshari alhali ƙofarta a buɗe take.

Shi ma birin jakar tsaba aka rataya masa. An fara gano ƙwayar a 1958 a jikin birai da ake gwaji da su a ƙasar Denmak, amma masana sun fi zargin ɓeraye da dangin kurege da ɗauke da ita a daji. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya sunan cutar na Turanci. Na Hausa yana nan yadda yake, rabinsa kuskure, rabinsa ƙage.

Abin takaicin shi ne kakannin masu fassarar nan ba su taɓa yin wannan ruɗu ba. Tsohuwar da ba ta taɓa leƙa madubin likita ba ta san ƙyanda, wadda ake sakayawa a ce baƙon dauro, ta san agana, ta san ƙarambau, kuma ba ta sa ɗaya a gurbin ɗaya. Kalmar da ta dace tana nan a cikin harshen, a ajiye. Wanda ya yi digiri ne ya tsallake ta.

Daga nan ya kamata a fara duk wata muhawara a kan Hausa da kimiyya. An daɗe ana maimaita cewa Hausa ba ta da kalmomin ilimin zamani, har maganar ta zama tamkar karatun allo, masu faɗinta kuma galibi su ne waɗanda suka fi kowa damar gyara. Gaskiyar lamarin ita ce an ɗauki wasu 'yan kalmomi an mai da su buhunan gwanjo, kowace sabuwar ma'ana ta iso sai a cusa ta ciki a ɗaure baki. Mafi haɗarin waɗannan buhuna shi ne ƙwayar cuta.

A kafafen labarai na Hausa, ƙwayar cuta ce ke kawo tarin fuka, ita ke kawo mura, ita ke kawo zazzaɓin cizon sauro. A ilimin halittu kuwa waɗannan abubuwa uku sun fi nisa da juna fiye da nisan akuya da bishiyar kuka. Bakteriya halitta ce mai ɗaki guda, tana ci, tana rabuwa biyu ta hayayyafa da kanta. Tun wajen 1676 wani ɗan Holan mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek, ya hango ta da madubin da ya ƙera da hannunsa, kuma a 1882 Robert Koch na Jamus ya nuna wadda ke haddasa tarin fuka. Ita ce ke bayan taifot, da kwalara, da sanƙarau irin wanda ya kashe mutum sama da dubu 11 a arewacin Najeriya a 1996. Bairas kuwa ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, madubin likita na yau da kullum ba ya ganinsa, kuma ba ya iya haihuwa sai ya kutsa cikin ɗakin halittar wani ya mai da shi masana'antarsa. Shi ke kawo mura, da ƙyanda, da shan inna, da ƙanjamau, da korona. Na ukun shi ne ɗan ci-ma-zaune irin na maleriya, wanda likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya gani cikin jinin marasa lafiya a Aljeriya a 1880, Ronald Ross kuma ya same shi a cikin sauro a Indiya a 1897.

Wannan rarrabewa ba ƙwalisar malamai ba ce, domin kowanne da maganinsa. Magungunan da ake kira antibayotik, su ampisilin da tetarasaikilin da sauran kafso da ke jere a kantin kemis, bakteriya suke kashewa. Ba su da abin da za su yi wa bairas. To amma mutumin da aka gaya masa cewa mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, aka kuma gaya masa cewa kafso maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, me ake so ya yi? Lissafinsa daidai ne, kalmar ce ta yaudare shi. Zai sayi kafso huɗu ya sha kwana biyu, murar ta tafi da kanta kamar yadda da ma za ta tafi, ya gode wa kafso. Bakteriyar da ke zaune a hanjinsa kuwa ta ɗanɗana maganin ba ta mutu ba, raunanan cikinta suka faɗi, masu taurin kai suka rage suka cika wuri. Ranar da ciwo na gaske ya zo, sai a ba shi maganin ya zama kamar ruwan randa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi da kansa lokacin da ya karɓi kyautar Nobel a 1945. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magunguna ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankin da abin ya fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Ba wanda zai ce fassara kaɗai ce ta jawo haka, akwai talauci, akwai jabun magani, akwai sayarwa ba takardar likita. Sai dai duk yekuwar da za a yi a kan shan magani barkatai, da kalmar nan guda za a yi ta, kuma kalmar ba ta iya ɗaukar saƙon. Ba yadda za a yi a ce wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kashe ƙwayar cutar mura, sannan a sa ran zai ɗauki mai maganar da hankali.

Mashaƙo ma ta sha irin wannan wahala. A 2020 wasu suka riƙa kiran korona murar mashaƙo. Ba a cika shekara uku ba, a ƙarshen 2022, wata cuta ta dabam ta ɓarke, Kano ce cibiyarta, tana toshe maƙogwaron yara da wata farar fata har numfashi ya gagara. Ita ma aka ce mashaƙo. Ta farko bairas ce da ta fi yi wa tsofaffi illa. Ta biyu bakteriya ce mai fitar da dafi, ta fi kashe yara, tana da maganin karya dafi, kuma riga-kafinta na cikin allurar da ake yi wa jarirai kyauta tun suna mako shida. Jama'ar da ta riga ta gaji da labarin korona, wasunta ma ba su taɓa yarda akwai ta ba, sai ga shi an dawo mata da suna iri ɗaya ana neman ta firgita.

Shawara kuwa alama ce aka mai da ita cuta. Ido ya yi rawaya, shi ke nan an ce shawara, a nufi mai saiwa. Amma idon jariri sabon haihuwa kan yi rawaya, na mai sikila kan yi, na mai ciwon hanta kan yi, haka na wanda sauro ya sa wa zazzaɓin shawara. Ɗaya na bukatar a sa shi ƙarƙashin fitila ta musamman kafin ƙwaƙwalwa ta taɓu, ɗaya gwajin jini, ɗaya kuma allura guda ce da an yi ta da ba a kai nan ba.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujja biyu, kuma ba za a ce duka shirme ba ne. Ta farko ita ce kowane harshe na ɗauke da tsofaffin kurakurai a cikin kalmominsa. Haka ne. Kalmar maleriya daga Italiyanci take, ma'anarta gurɓatacciyar iska, domin a da an zaci warin fadama ne ke kawo zazzaɓin. Kalmar atom ta Girkanci na nufin abin da ba ya yankuwa, ga shi kuwa an fasa shi har an rusa Hiroshima da shi a 1945. Turawa ba su jefar da kalmomin ba. Hausa ma tana da irin nata. Shan inna suna ne da ya fito daga bori, inda aka yi imani cewa Inna, ɗaya daga cikin iskoki, ita ke shanye ƙafar yaro. Sunan ya tsufa a bakin mutane, ba mai iya tumɓuke shi, kuma ba a bukatar a yi. Bambancin shi ne yaron Ingila da ke cewa maleriya an koya masa a aji, da harshen da yake mafarki da shi, cewa sauro ne. Yaron Kano an koya masa da Turancin da bai gama ji ba, ya haddace ya zuba a takardar jarrabawa, ya koma gida inda Inna ke nan da ma'anarta ta asali. Lokacin da aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano da wasu jihohi a 2003, manyan dalilan su ne rashin yarda da gwamnati da ƙasashen Yamma, da jita-jitar hana haihuwa, da tabon gwajin maganin Trovan na 1996. Duk da haka, wanda ya yarda cewa iska ce ke shanye ƙafa ba ya ganin asarar da zai yi idan ya ƙi ɗigon baki. Kano ta koma riga-kafi a 2004, amma cutar ta riga ta tsallaka ƙasashe, daga baya ta kai har Yaman da Indunusiya, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'inta na daji. Tsohuwar kalma ba laifi ba ce idan akwai mai tsayawa a kanta ya yi bayani. Ƙyandar biri kuwa ba gadon kakanni ba ce, jiya-jiya aka ƙirƙire ta, kuma masu ilimi ne suka yi.

Hujja ta biyu ita ce ta lokaci: labari minti ɗaya ne, mai fassara na da rabin sa'a, ba shi da sukunin buɗe ƙamus. Wannan uzuri ne da tarihin aikin kansa ya ƙaryata. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma cikin 'yan watanni ta sami kanta tana bayyana wa manoma da 'yan kasuwa yaƙin duniya, da jiragen ƙarƙashin teku, da ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba. Imam ɗin nan da Rupert East suka rubuta jerin littattafan Ikon Allah a kan halittu da kimiyya. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957. Daga irin waɗannan ɗakuna ne, da su da makarantu, aka sami Majalisar Ɗinkin Duniya, da tauraron ɗan adam, da garkuwar jiki, da cuta mai karya garkuwar jiki. Garkuwar jiki kaɗai ta isa shaida: kalma biyu, kuma wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane cewa akwai abin da ke tare masa hari, ana iya ƙarfafa shi, ana iya karya shi. Waɗanda suka ƙera ta ba su da intanet, ba su da likita a ƙarshen wayar salula.

Harshen da ake zargi da talauci shi ne wanda ya raba ƙasar noma zuwa jigawa da fadama da fako da laka, ya raba shekara zuwa bazara da damina da kaka da hunturu da rani, ya kuma ware marka a tsakiyar damina. Ya san gero da maiwa da dauro, ya san kaura da farfara. A bargar sarki baƙin doki akawal ne, fari kili, ga bikili ga gunya ga hurde. Duk inda Bahaushe ya damu da abu, ya yanka masa sunaye har sun yi yawa. Inda aka ga kalma ɗaya na jan kaya goma, masu abin ne ba su damu ba.

Sinadari misali ne na wannan rashin damuwa. Asalinsa kayan aikin maƙera ne, abin da ake sawa wurin liƙa ƙarfe da ƙarfe. Yau aidin da ke cikin gishiri sinadari ne, abin gina jiki da ke cikin wake sinadari ne, dunƙulen miya sinadarin ɗanɗano ne, maganin feshin da ke kashe manomi ma sinadari ne. Kalmar da mai talla ke amfani da ita don yabon hajarsa ita ce jami'in lafiya ke amfani da ita don gargaɗi. A Zamfara a 2010 an yi sa'a ba a fake da ita ba. Lokacin da yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, an kira abin da sunansa, gubar dalma, kowa kuma ya san dalma. Amma mutum nawa aka gaya wa cewa dutsen tozali na gargajiya, wanda ake ranɓaɗa wa jariri tun ranar suna, sau da yawa ma'adinin dalma ne haɗe da farar wuta? Jikin yaro ba shi da wani ma'aunin dalma da za a ce ba ya cutarwa, kuma illarta a ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Idan aka ce wa kaka tozali na ɗauke da wasu sinadarai, za ta ce madalla, ai shi ya sa yake gyara ido. Idan aka ce mata dalmar da ta kashe yaran Bagega ce a ciki, za ta ajiye tandu ta saurara.

Ita kanta kimiyya, a Larabcin da aka aro ta, ilimin haɗa abubuwa da narka su take nufi. Hausa ta ba ta dukan fagen, reshen da ke da sunan tun asali ya koma ba shi da suna. Wannan bai kashe kowa ba. Haka yanayi, da ke nufin zafin yau da kuma halin sararin ƙasa na shekara talatin, har mai sauraro ya ji sauyin yanayi ya zaci shigowar hunturu ake nufi, alhali ana maganar irin abin da ya taimaka wajen janye Tafkin Chadi daga faɗin da yake da shi a shekarun 1960. Tauraro ma haka: Zara matar wata da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniya ce mai kewaya rana kamar wannan da ake takawa, ba ta da hasken kanta.

Akwai kuma hasarar da ta shafi tarihi, domin wanda bai tsare ma'anar kalmarsa ba, baƙo zai zo ya faɗa masa abin da take nufi. Shekara da shekaru jaridun duniya na rubuta cewa boko lalatacciyar kalmar Turanci ce mai nufin littafi, 'yan boko da yawa kuma suka karɓa suka riƙa maimaitawa. A 2013 Paul Newman, masanin harshe ɗan Amurka da ya taɓa jagorantar Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Kano, ya nuna cewa boko Bahaushiyar kalma ce tun fil azal, mai nufin algus, ko abin da ba na gaske ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo waɗannan ma'anoni, kuma duk wanda ya san amaryar boko, wadda ake yin basaja da ita a madadin ta gaskiya, ya riga ya san amsar. Ma'anar ta asali tana ɗauke da hukuncin da mutanen farkon ƙarni na 20 suka yanke wa makarantar Nasara: karatu ne na jabu idan aka gwada shi da na allo. Wanda ya ce daga littafi kalmar ta fito ya share wannan hukunci, ya kuma rasa bakin zaren gardamar da har yau ba ta mutu ba a kan sa yara makaranta.

Laifin ba na 'yan jarida kaɗai ba ne, ko da yake su ne a gaba. Likita Bahaushe da ya ƙware a aikinsa, idan aka ɗora shi a rediyo, jimla uku zai yi ya zame cikin Ingausa, ya bar mai gabatarwa da aikin lalube. Mai harhaɗa magunguna, da injiniya, da malamin jami'a, kowa na dariyar fassarar da ya ji da safe a dandalin WhatsApp na abokan karatu, ba mai ɗaukar waya ya kira ɗakin labarai. A ɗaya gefen ga masu tsarkake harshe, waɗanda ke ganin aron bakteriya da bairas cin amanar Hausa ne, sun manta asibiti da likita da allura da tarihi da kimiyya duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Tsakanin mai raina harshen da mai kishinsa fiye da kima, an bar mai sauraro da buhu ɗaya.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar hukuma ko taron ƙasa. An kafa Hukumar Harshen Hausa tun 1955, Jami'ar Bayero ta buga ƙamusunta na Hausa zalla a 2006, amma ƙamusun da aka buga a 2006 ba zai san korona ba, kuma cuta ba ta jiran a kammala bugu na gaba. Editocin manyan kafafen Hausa ba su kai cikin mota ɗaya ba. Za su iya zama da likitoci biyu da masanin harshe ɗaya su amince cewa daga yau za a ce bakteriya, a ce bairas, a kira na maleriya da nasa sunan, a bi kowanne da gajeren bayani har kunne ya saba, kamar yadda ya saba da kwamfuta da intanet. Za su iya ware mashaƙo ga cutar maƙogwaron yara ita kaɗai, su daina cewa antibayotik maganin ƙwayoyin cuta ne su ce maganin bakteriya, su kira dalma dalma a duk inda ta ɓuya. Cutar Bayelsa kuma, idan dole sai an bar biri a ciki, a ce aganar biri.